Kwalba Mai Hoton Jirgin Ruwa

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan mujalla. A zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ake bin layi kafin a sayi sabulu ko madara, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mutumin Garo ta ƙasar Kabo. Na yi karatun allo daidai gwargwado, amma ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Damina biyu a jere gero bai yi mana ba, sai na tafi Kano na kama wanke-wanke a wani gidan abinci, a can na fara sanin tukunya. Wata rana na ji wasu baƙi suna neman kuku. Da na je, mun fi goma a ƙofar gidan. Maigidan ya fito da tafinta yana tambayar kowa ko ya iya karatu, domin uwargida rubuta cefane take yi, duk wanda ya ce a'a a sallame shi. Da aka zo kaina na ce na iya. Daga wannan ƙaryar duk abin da zan faɗa ya taso.

Mutanen gidan baƙaƙe ne kamarmu, amma daga wani tsibiri suke a yankin Karebiyan, can bayan teku. Maigidan injiniya ne a aikin madatsar ruwa, uwargida kuma tana aikin jinya, ta tsinci gurguwar Hausa a bakin marasa lafiya. Idan ta ba ni takardar cefane sai in dube ta ina gyaɗa kai, in na je kanti in miƙa wa mai kanti ya haɗa mini kaya. Shekara huɗu ba ta gane ba. Mace ce mai fara'a da son girki. Ranar da ta ga zoɓo a kasuwa har tafi ta yi, ta ce su ma suna da shi, da citta da kanumfari suke dafa shi kamar mu, kuma ta yiwu kakanninta daga nan aka kwashe su, suka tafi da irinsa. Ta koya mini shinkafa da wake da ruwan kwakwa, da kazar da ake jiƙawa da attaruhu da kayan ƙamshi ta kwana kafin a gasa ta a kan gawayi, da kifi mai lemon tsami, da suyar agada. Ta kuma haɗa da dabarun da ta koyo a ƙasashen da suka zauna, irin yadda ake soya nama a ɗebe shi, a zuba ruwa a kaskon a kankare abin da ya kama, a mayar da shi miya.

Idan za su yi baƙi, akwai kwalaben da ake jerawa a tebur, farar giya ga kifi, ja ga nama, uwargida tana zaɓa tana shinshinawa kamar mai sayen turare. Tun ranar farko na gaya mata ba na taɓa su, ta ce ta sani, kuma har muka rabu ba ta taɓa sa ni ɗaukar ko kofinsu ba. Amma akwai wata baƙar kwalba mai hoton jirgin ruwa da ba ta zuwa tebur. A kicin take zaune, tsakanin kori da barkono da sauran kayan miya, ban taɓa ganin an zuba ta a kofi an sha ba. A naman akuya kaɗai ake sa ta. Kullum idan naman ya kusa nuna, uwargida takan shigo da kanta ta ɗebi rabona a kwano ta rufe, sannan ta tsiyaya abin kwalbar a sauran, ƙamshi ya cika gidan. Ta taɓa yi mini bayani da Turanci, na ce to, kamar yadda nake ce wa komai. A zuciyata kuwa na riga na yanke cewa rowa ce, abin yana da tsada, ba ta so ta ɓata shi a kan kuku. Duk alherin da take mini, wannan yana cina.

Da tattalin arziki ya ƙara taɓarɓarewa aka soke aikin maigidan. Ina gida wajen jinyar mahaifina suka tattara cikin mako guda suka tafi. Da na koma, maigadi ya ba ni abin da ta bar mini: tukwane uku, da wuƙaƙe, da wani littafi mai jan bango da ta cika da rubutun hannunta. A kwandon shara na tsinci baƙar kwalbar nan babu komai a ciki, na jiƙa ta na ɓare takardar jikinta na adana. Na dawo gida na kafa rumfar abinci ina bin kasuwanni. Da farko abokai suna tsokanata, wai ƙato da gemu ya ƙwace wa mata ludayi, har wani yana ce mini amaryar Garo, amma da suka ɗanɗana shinkafa da waken nan su ne masu zuwa da kwano biyu. Sai aka fara kirana suna da biki da walima. Nan na tuna da naman akuya. Na je Kano, wani babban kanti da muke sayayya a da, na nuna takardar nan. Mai kantin, wanda ba Musulmi ba ne, ya dubi hulata ya yi murmushi, ya naɗe mini kwalbar a tsohuwar jarida. Na dawo ina jin yau na kai inda aka hana ni kaiwa.

Naman nan shi ya yi mini suna daga Kabo har Getso. Littafin kuwa nakan buɗe shi a gaban mutane ina bin layi da yatsa, don a ce da ilimi nake girki, amma ko 'ya'yana da ke makarantar boko ban yarda su taɓa shi ba. A cikin masu cin naman akwai wani dattijo, aminin mahaifina, da muke ce wa Baba Malam. Asalinsu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, mutum ne mai tsantseni ƙwarai. Ba ya cin abincin taro, da dabinonsa yake zuwa a aljihu, in an matsa masa ya ce cikinsa ne ba ya so. Amma idan ni na dafa yakan ci. Ya sha faɗa a gaban jama'a cewa hannu biyu kaɗai ya yarda da su, na mai ɗakinsa da na ɗan amininsa. Har yakan tsokane ni, wai in ya mutu in ba a yi sadakar uku da naman nan ba bai yafe mini ba. Shekaru sun fi goma muna haka.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ita ce shekarar da Baba Malam ya sami kujerar Makka, aka ce ni zan dafa walimar dawowarsa. Na je Kano neman kwalba, na ga babu ita a inda ake ajiye ta. Da na nuna takardar, mai kantin ya ja ni gefe ya rage murya, ya tambaye ni ko so nake a rufe masa kanti, ban san an yi shari'a ba ne. Na ce masa ina ruwan shari'a da kayan miya. Ya fashe da dariya ya dafa kafaɗata, ya ce Malam, kai dai ka iya wasa, shekara nawa kana saya. Bai faɗi sunan abin ba, ni kuma ban tambaya ba, domin na ji tsoron amsar. A mota muna hanyar gida komai ya riƙa dawo mini, da warin da ke tashi in an buɗe murfin, da jaridar da ake naɗewa, da kwanon da uwargida take rufe mini.

A nan ne babban laifina yake, kuma shi ya sa na rubuto. Ina da ragowar rabin kwalba a gida. Ranar walima da hantsi, naman ya kusa nuna, na tsaya da ita a hannu na daɗe. Na ce wa kaina ai mutumin bai ce giya ba ce. Na ce ko ma mene ne, wuta ta cinye shi. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji ɗanɗanon ya canza, a ce hannuna ya lalace, ko a tambaye ni dalili in rasa amsa. Na tsiyaya. Baba Malam, da farar rigarsa, bakinsa bai daɗe da shan zamzam ba, ya ci ya ƙara, ya kira ni ya sa mini albarka a gaban mutane. Ni kuwa ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Daga ranar ban sake dafa naman akuya ba, in an tambaya in ce kayan haɗin sun yanke. Na kasa nuna wa kowa littafin, sai na yanke shawarar in karanta shi da kaina. Na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gwarzo, ba a garinmu ba, don kada a gan ni. Ina da furfura, ina zaune a benci ina haɗa ba da ba, malamar ajin sa'ar ƙanwata tana ce mini Baba a sake, in sake. Bayan shekara ɗaya da wata biyar na buɗe littafin nan, ba don nuna wa kowa ba. Ashe da Hausa uwargida ta rubuta shi, irin gurguwar Hausarta. A shafin naman akuya, a sama, da manyan baƙaƙe ta ja layi biyu, ta rubuta cewa kwalbar nan giya ce, kada in sa wa mutanena, in sa tsamiya da ruwan zoɓo da ɗan sukari a madadinta, ta gwada ya yi daɗi. A ƙasa ta ƙara cewa shi ya sa take fara ɗebe nawa. Wannan shi ne rubutun boko na farko da na karanta ni kaɗai a rayuwata. Shekara goma sha wani abu yana cikin akwatina, ina bin sa da yatsa a gaban mutane.

Na ɗauki littafin na sami Baba Malam a zaurensa bayan la'asar. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina jan ta don kada ta ƙare. Sannan na gaya masa komai, tun daga ƙofar gidan Kano. Ya saurare ni yana jan carbi. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai yaushe na fara zargi. Da na so, da na ce sai da na karanta, babu mai ƙaryata ni. Na ce masa kafin walimarsa. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce waɗanda suka ci ba su sani ba babu komai a kansu, abin da na yi kafin zargi ma Allah mai rangwame ne, amma tukunyar ƙarshe in je in nemi gafarar Ubangiji, shi nasa ya yafe. Ya ce baiwar Allahn nan da ba addininmu ɗaya ba ta tsare mini addinina, ni na saka mata da zargin rowa. Bai tona ni ba, sai ya umarce ni in daina ƙaryar littafi, in kuma gaya wa iyalina. Amma daga ranar ya koma zuwa taro da dabinonsa, ko da ni na dafa. Mutane suna tambayarsa, ya ce cikinsa ne. Ni na san ba cikinsa ba ne.

Bara da rashin lafiya ta kwantar da shi, ya daina karɓar abinci, sai ga saƙo wai in zo da romon akuya, in kuma taho da littafin. Ya sa na zauna kusa da shimfiɗarsa na karanta masa shafin da ƙarfi, ina tuntuɓe a kan kalmomi yana jira. Da na gama ya tambaye ni ko haka na dafa. Na ce haka na dafa, Baba. Ya yi bisimilla ya sha cokali uku, ya yamutsa fuska ya ce tsamiyar ta yi yawa, ashe har yanzu ban gama koyon karatu ba. Kwana tara bayan haka ya rasu. Ni na dafa abincin sadakarsa, na rage tsamiya.

Abin da na gani a rayuwata shi ne rashin sani bai cuce ni kamar yadda ɓoye shi ya cuce ni ba. Da na ce ban iya ba, da ko maigadi ya karanta mini shafin nan cikin minti ɗaya. Ina roƙon 'yan'uwana masu dafa wa jama'a abinci, kada ku sa abin da ba ku san sunansa ba a tukunyar da wani zai ci da bisimilla, kuma duk ranar da zuciyarku ta yi ɗar, ku tsaya ku tambaya kafin ku tsiyaya. Wanda bai iya karatu ba ya je ya koya, ko da gemunsa ya yi fari. Ban san ko uwargida tana raye ba, ba ni da adireshinta. Idan wani mai karatu yana da hanya zuwa tsibirinsu, ya gaya musu akwai wani kuku a Garo da ya karanta saƙonta a makare, yana neman ta yafe masa.