Muryar Ɗan Roba

Baba Dogo mai tura gadon marasa lafiya ne, kuma bai taɓa kwanciya jinya ba. Amma duk sanda aka ɗauki sababbin nas, shi Babbar Sista ke kwantarwa a ɗakin koyarwa. A kansa suke koyon tambayar majinyaci sunansa kafin a ba shi magani, da ɗaga ƙarfen gefen gado kada ya faɗo. Nan kaɗai ake ce masa, "Sannu Baba, ina ke maka ciwo?" A gida ko tari ya yi, cewa ake ya rufe baki.

Sai asibiti ya sayo mutum-mutumin roba, aka ba shi gadon Baba, har da matashin kai biyu.

"Ni ɗaya ake ba ni," in ji Baba, yana leƙe ta taga. "Kuma ko amsa gaisuwa bai iya ba."

Ba a jima ba Sista ta lura ɗalibanta na jujjuya majinyata kamar buhun siminti, domin roba ba ta cewa wayyo. Ta aika a kira Baba. Ya zo da wankakkiyar riga, ya fara cire takalmi.

"A'a Baba, ba gadon ba. Ga kujera bayan labule. In sun matsa wa ɗan roba, kai za ka yi ihu."

Yanzu haka Baba na can yana nishi, ɗan roba na karɓar sannu.