Mai Shara ta Ƙarƙashin Bene

Ƙarfe takwas take ɗaga ƙofar shagonta, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da ƙwan fitila. Ta rataye jaka a ƙusa, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta kunna fankar nan mai kukan tsufa. Kafin ta gyara zama an fara shigo da su: kwamfutocin gida, wata a buhu, wata a zanin gado, wata an rungumo ta kamar jinjiri mai zazzaɓi. Kowa maganarsa ɗaya, wai shi bai taɓa komai ba, haka kawai ta fara. Shekara ashirin da biyu tana jin wannan zance, har ta daina ɗaga kai. Mai Shara ake ce mata, don ita da bakinta ta ce aikinta ke nan, kwashe dattin da mutane suka buɗe wa ƙofa da hannunsu.

Ni ban taɓa zama a aji ba, surukata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Amma shekara arba'in da ɗaya na yi ina jan babbar mota. Sau biyu ta kife da ni na fito ina kaɗe riga. Likita ya ce ba zan ga ƙarshen shekara ba, ga shi ni na je yi wa iyalansa ta'aziyya. Mutum irina ba ya yabo da arha. Bencina yana ƙofar shagon nan, kuma abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Karatunta ɗaya ne kullum, har ni na haddace. Sunan da ke saman saƙon imel kamar rubutun bayan ambulan ne, kowa na iya rubuta sunan kowa, sai a duba adireshin da ke ƙarƙashinsa. Kada a danna abin da aka liƙo a saƙo don kawai an ga sunan ɗan'uwa. A bar riga-kafin da ta sa wa na'ura ya riƙa sabunta kansa. Su ce to, su tafi, bayan wata biyu su dawo da buhu. Mai Shara, ke ce kika faɗi magana ɗaya sau dubu ba ki taɓa ce wa kowa wawa ba, ko da yake na sha ganin kalmar ta zo miki har baki kin haɗiye.

Abokina Tela shi ya fi kowa ba ta wahala. Ya ajiye ɗinki, yana zaune a gida da kwamfutar da autansa ya bari. Shekara bakwai ke nan da suka yi cacar baki, Auta ya tafi ƙasar waje, ba kira ba saƙo. Adireshinsa na cikin na'urar, amma Tela ya rantse uba ba ya fara neman ɗa. Sai dai duk saƙon banza da ya shigo, na masu tallan magani ne ko na masu cewa ya ci gasa, sai ya amsa. Mai Shara ta yi ta gaya masa amsar ce ke nuna musu akwai mutum a gidan. Ya ce shi ba a yi masa tarbiyyar da mutum zai yi sallama daga nesa ya yi masa shiru ba. Abin da ba ta sani ba, bayan ya rubuta ya gode ba ya buƙata, yakan ƙara da cewa tunda suna can waje, ko sun san ɗansa wane, dogo, mai tabo a goshi.

Ran nan sai ga Tela da sabuwar riga, ya rungumo kwamfuta, bakinsa ya ƙi rufuwa. Saƙo ya zo da sunan Auta, yana neman gafara, ya ce a danna a ga hoton jika. So yake ta buɗe ta buga masa hoton a takarda. Ta matsa kusa da allon. Sunan daidai, adireshin kuwa wasu haruffa ne a cakuɗe. Ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido, na san neman hanyar sassauta masa maganar take, kuma babu hanya.

"Baba, ba shi ba ne," in ji ta.

"Ke kika haife shi?" Tela ya ce, ya sungumi abarsa ya fita ko sallama babu.

Ya danna a gida, ba hoto ba dalili. Kwana uku ya dawo da tsohuwar riga. Cutar kwamfuta ta shiga, tana ta aika wa duk wanda ke cikin na'urar saƙo da sunan Tela, su ma su danna. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ba shi kujerarta, ta raba na'urar da intanet, ta yi yini biyu tana wanke ta, ta canza masa kalmar sirri. Sannan ta ce saura a gargaɗi mutane kada su buɗe. Ta rubuta saƙo ɗaya ta haɗa kowa a ciki, in ban da mutum ɗaya da ta ware.

"Auta ma an aika masa da sunanka, Baba. In ya buɗe, ta shiga tasa. In rubuta masa?"

Tela ya kalli bango, ya kalle ni, ni kuwa na kalli titi. Can ya ce ta rubuta. Ta rubuta gargaɗin, amma ba ta aika ba. Ta bar yatsunta a kan madannai tana jira, ga mutum biyar a layi suna tsaki. Da ya ga ba za ta motsa ba, sai ya yi gyaran murya.

"Ki ce masa wancan ba ni ba ne. Wannan ni ne."

Kwana tara kafin amsa ta zo. Tela bai yarda ya taɓa ba, ya kinkimo na'urar har shago. Ta bi adireshin harafi bayan harafi, sau uku, ta ce masa wannan kam shi ne. Layi biyu ne kacal: ya gani, bai buɗe ba, yaya jiki. Ba neman gafara, ba hoton jika, kuma har yau bai zo ba. Amma suna rubutu.

Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, idonta ya gaji, bayanta ma haka. Ba wanda zai shirya mata taro, shi ya sa na sa a rubuta. 'Yata, ke ce kika zaɓi a zage ki da ki bar tsoho da ƙarya mai daɗi. Ke ce kika san lokacin da ake sauri da lokacin da ake barin layi ya yi tsaki. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya bar miki sauran ganin.

Ku kuma masu wannan sana'a da kuka rage, tsofaffi za su ci gaba da zuwa muku, kuma za su ci gaba da dannawa, don kowannensu akwai sunan da yake jiran gani. Ku gaya musu gaskiya, in sun dawo ku ba su kujera.