Malam Ronald Mai Fiyano da Taken Sarkin Pawa

Asali da Haihuwa

An haifi marigayi Malam Ronald Dauda Tsoho a shekarar 1957 a Wusasa, Zariya. Mahaifinsa, Malam Dauda Tsoho, malamin firamare ne, mahaifiyarsa kuwa, Tamar, unguwarzoma ce. Tun yana ƙarami aka lura yana da kaifin ji, domin a ranar Lahadi ba ya zama tare da tsararrakinsa, sai ya raɓe a bayan tsohon ogan, wato abin kiɗan coci, irin wanda ake taka wa iska da ƙafa, ya kafa kunne a jikin katakon har a tashi.

Karatu, Aiki da Aure

Ya yi firamare a Wusasa, sannan a shekarar 1971 ya shiga makarantar koyon sana'a a Kaduna, inda ya ƙware a gyaran rediyo da kayan lantarki. A shekarar 1979 ya zo Kano, ya kama aiki da wani kamfanin sayar da rediyo da rakoda, ya zauna a Kawaji. Ya auri Malama Winifred, malamar makaranta, a watan Disamba na 1984.

Bayan rufewar kamfanin a shekarar 1993, Alhaji Lawan, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya daɗe yana kai masa gyara, ya ba shi ɗakunan bayan gidansa a Nassarawa GRA, tare da gareji guda da ya mayar wurin aiki. Mutanen layin, waɗanda sunansa ya yi wa nauyi a baki, suka riƙa kiran sa Malam Ranal.

Sana'ar Fiyano

Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin fim suka bunƙasa, sitidiyo-sitidiyo suka yawaita a Kano, kuma kowanne ya dogara ne ga fiyano na lantarki. Malam Ronald ya zama ɗaya daga cikin ƙalilan da ke iya buɗe wannan na'ura su rufe ta lafiya.

Ya kasance yana yi wa masu kawo gyara bayani ko ba su tambaya ba. Yakan ce a cikin fiyano babu tsirkiya, babu fata, babu iska. Abin da ke ciki ƙwaƙwalwa ce da aka ajiye wa guntayen sauti, waɗanda aka ɗauka daga kayan kiɗa na gaskiya aka mayar da su jerin lambobi. Idan an danna maɓalli, na'urar tana karanto lambobin ta mayar da su wutar da ke girgiza sifika. Idan ta karanta da sauri murya ta yi sama, idan ta karanta a hankali murya ta yi ƙasa. Daga nan sautin ya bi ta wata matata da ke rage masa kaifi, sannan ta wani sashe da ke tsara yadda zai fara, da yadda zai tsaya, da yadda zai mutu. Yakan ƙara da cewa fiyano ba ya ƙarewa a yadda aka sayo shi: akwai gurbi a ƙarƙashinsa da ake sa wa katin ƙarin sauti, ana kuma iya ƙara masa ƙwaƙwalwa a loda masa sababbin muryoyi daga faifai. Damuwarsa ita ce duk katunan da ke kasuwa na ƙasashen waje ne. Akwai gangar Indiya, akwai gogen Turawa, amma babu kalangu.

A shekarar 2000, da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, 'yan'uwansa suka matsa masa ya koma Zariya. Ya aika iyalinsa na zango ɗaya, shi kuwa ya zauna, bayan Alhaji Lawan ya shaida masa cewa muddin yana numfashi ba mai taɓa garejin. Iyalin suka dawo a farkon 2001.

Kalangun Sule

Mai gadin gidan da ke maƙwabtaka da su, Sule, dattijo ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Gidansu tun kakanni su ne makaɗan gidan sarautar pawa na ƙauyen, amma bayan rasuwar ubangidansa, Sarkin Pawa Zubairu, da kuma raguwar kiɗa a bukukuwa, ya zo birni neman abinci, kalangunsa na rataye a ɗakin gadi. Shi da Malam Ronald sun saba shan shayi tare a gindin mangwaron ƙofar gida, Sule yana yi masa tsiya cewa shi makaɗin da ba ya gumi ne, shi kuma yana ce wa Sule kalangunsa ya zama gidan gizo-gizo.

A damina ta 2002 Malam Ronald ya roƙi Sule ya ba shi muryar kalangun. Da farko ya ɗauki bugu ɗaya ya rarraba shi a kan maɓallai, amma abin da ya fito bai yi kama da kalangu ba, domin muryar kalangu tana hawa da sauka ne da matsin hammata a tsakiyar bugu, maɓalli kuwa daga mataki yake tsalle zuwa mataki. Saboda haka ya nemi Sule ya kaɗa zubi cikakke, wato jerin bugu daga farko har ƙarshe, ya ajiye shi dunƙule, yadda maɓalli ɗaya zai riƙa maimaita shi.

Sule ya kaɗa abin da hannunsa ya fi sabawa da shi, wato taken marigayi Sarkin Pawa Zubairu. A al'adar mahauta take mallakar mai shi ne, da shi ake kiran sa a fage, kuma bayan rasuwarsa ba a kaɗa shi sai a gaban iyalinsa. Sule ya ɗauka abin zai tsaya a garejin aboki, bai yi bayani ba. Malam Ronald ya ɗauka kiɗa ne kawai, bai tambaya ba. Ya loda zubin a fiyanon abokan cinikinsa, su kuma suka yi ta kwafar faifan a tsakaninsu.

Zuwan Shu'aibu

A shekarar 2003 aka ɗora wata waƙar soyayya a kan wannan zubi, ta cika motocin haya da shagunan kaset. Shu'aibu, babban ɗan marigayin, wanda ke sana'ar nama a kwata a Kano, ya ji ta a rediyon wani yaronsa yana tsakiyar aiki. Waɗanda suke wurin sun ce ya ajiye wuƙa ya tsaya cik har waƙar ta ƙare. Ya gane hannun Sule. A makon nan aka aika wa Sule cewa kada ya ƙara ɗaukar kalangu a gaban kowa na gidan Sarkin Pawa, wanda ke nufin yanke alaƙar da ta haɗa gidajen biyu tun kakanni.

Malam Ronald ya nemi a kai shi wurin Shu'aibu, sai ga Shu'aibu da kansa a gareji. Bai zauna ba, bai amsa gaisuwa ba. Ya sa aka danna masa maɓallin, ya saurara sau ɗaya, sannan ya ce, "Malam, ka cire mahaifina daga cikin akwatin nan. Ranar da ka gama, Sule ya dawo gida."

Malam Ronald ya bayyana masa cewa kaset ɗin da ya riga ya fita ba shi da iko a kansa, kuma lambobi ba sa tsufa ko a kwafe su sau nawa, don haka bai san iyakar inda zubin ya kai ba. Shu'aibu ya ce kaset zai shuɗe da kansa, shi dai kada a sake haifar wata waƙar.

Shekarun Gogewa

Daga 2004 zuwa 2007 Malam Ronald ya bi sitidiyo ɗaya bayan ɗaya a kan babur, yana roƙon a bar shi ya goge zubin daga fiyano da faifai. Wasu sun amince nan take da jin dalili. Wasu sun yi masa dariya, suna cewa tun da suke ba su taɓa ganin mai gyara yana yawon ɓata aikinsa ba. Da yawa sun daina kawo masa gyara. Domin ya maye musu gurbi, ya sake ɗaukar Sule bugu-bugu, kowane bugu da irin matsinsa, ya jera su a kan maɓallai daban-daban, ta yadda dole mai kiɗa ya haɗa nasa zubin da yatsunsa. Kwafin zubin na ƙarshe da ya sani yana hannun wani matashi mai sitidiyo a Gawuna, mai suna Sadiƙ, wanda ya ƙi har sai da Malam Ronald ya cire katin ƙarin sauti mafi kyau daga nasa fiyanon ya ba shi.

A farkon 2008 ya je kwata ya shaida wa Shu'aibu cewa ya goge duk wanda ya iya samu, amma ba zai rantse cewa babu saura a wani gari ba. Bayan Babbar Sallah ta wannan shekara aka yi suna a gidan su Shu'aibu a ƙauye, aka aiko wa Sule ya zo da kalangunsa. Sule ya ajiye gadi ya koma gida, ya ci gaba da yi wa gidan kiɗa har rasuwarsa a shekarar 2011.

Malam Ronald ya ci gaba da ɗaukar muryar kukuma da sarewa da duma, amma bai ƙara ajiye zubi ba sai ya tambayi makaɗin na wane ne. Da kwamfuta ta fara maye gurbin fiyano a sitidiyo, aikinsa ya ragu, ya koma koyar da yaran coci kiɗa a ranakun Asabar.

Rasuwa

Ya rasu a Kano ranar Talata, 9 ga Agusta, 2016, bayan jinyar ciwon ƙoda, yana da shekara hamsin da tara. An kai gawarsa Wusasa, aka binne shi kusa da iyayensa. Da safiyar ranar jana'izar, Shu'aibu, wanda a lokacin ya gaji sarautar mahaifinsa, ya iso da sa guda da mahauta biyu, ya yanka da hannunsa domin Musulmin da suka zo daga Kano su ci abinci ba tare da shakka ba. Bayan an gama ya durƙusa a gaban Malama Winifred ya yi mata ta'aziyya, ya ce mijinta mutum ne mai cika alkawari.

Marigayin ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Diana, ma'aikaciyar jinya a Kaduna, Fabian, injiniyan lantarki, Tamar, malamar makaranta, da Tony, wanda ke riƙe da garejin a Nassarawa GRA. Ya bar jikoki bakwai. Allah Ya ba iyalinsa haƙurin rashi.