MamCirha Ba Ta Ba da Kare Sai Ta Sha Shayi

A layinmu na Mdantsane, gidan da ke kallon nawa shi ne na MamCirha. Sunanta Nontsikelelo, amma ba mai kiran ta da shi sai ma'aikatan asibiti. Mu da sunan zuriyarta muke kiran ta, kamar yadda ni ma ake ce mini Jola.

A kamfanin ɗinki ta yi aiki har idonta ya gaji da zare. Da ta ajiye, kowa ya zaci kaji za ta kiwata, ko ta riƙa soya amagwinya, fanken nan namu, a bakin makaranta kamar sauran mata. Sai ga ta wata rana ta dawo daga tashar mota da karya mai ƙazuwa, naɗe a tsohon bargo. Daga nan abin ya fara. Kafin a jima bayan gidanta ya cika da karnukan da aka bari, da waɗanda mota ta buge, da 'yan kwikwiyon da aka tsinto a kwali. Ta yi musu jinya, ta kai su wurin likitan dabbobi a yi musu allurar haukan kare da aikin hana haihuwa, sannan ta nema musu gida.

Tana karɓar kuɗi, kuma da farko mutane sun yi mata dariya. Mahaucin kwanarmu ya tambaye ta tun yaushe aka fara sayen kare a Mdantsane, inda in ka buɗe ƙofa kawai wani zai shigo. Ba ta yi musu ba. Ta kwantar da wata karya a gabansa, ta nuna masa tabon aiki a cikinta, da ɗan koren layin da likita ke zanawa a gefen tabon don a san an yi. Ta ce wannan ake biya, karen kuwa kyauta ne. Wanda ba shi da kuɗi yakan kawo buhun garin masara, ko ya gyara mata shinge. Ni walda na yi wa ƙofarta.

Ba kuɗin ne ke hana mutane samun kare a wurinta ba. Duk mai so sai ya shiga bayan gidan, ya ga inda suke kwana, ya zauna a kan akwatin lemo har wani kare ya zo wurinsa don kansa. Bayan haka ita kuma sai ta zo gidanka shan shayi. Ba ta yin tambaya da yawa. Tana sha, idonta na kan shinge, da inda inuwa take faɗawa, da yadda yaran gidan ke rufe ƙofa. Akwai wani dattijon coci da ta sha shayinsa har ƙarshe, ta yaba labulensa, ta tashi ta tafi. Ta hango guntuwar sarƙar ɗaure kare a bayan gidansa, a cikin rana, inda ba inuwa. Ya daɗe bai gaishe ta ba.

Wani mai suna Gaba, tsohon direban bas da ke ƙasan layi, shi bai ma nemi kare ba. Tun da matarsa ta rasu ya shige ɗaki, labule a sauke. MamCirha ta aika masa cewa famfonta na yoyo. Famfon lafiyarsa lau, amma sai da ya zauna a kan akwatin nan yana jiran ta, wata jar karya mai dogayen ƙafafu ta zo ta ɗora haɓarta a kan takalminsa. Ya sa mata suna Bayeke.

Abu ɗaya suka saɓa a kai. Ta ce ya ɗaura mata abin wuya da lambar wayarsa.

Ya ce, "Haba MamCirha. Ni kaina sau biyu na taɓa ɗaura abu a wuya, ranar aurena da ranar da muka binne ta. Kowa a layin nan ya san karyar Gaba."

"Na layin nan sun sani," in ji ta. 

Bayeke ta tsara wa kanta aiki. Da safe ta je wurin mahauci ita kaɗai ta karɓi ƙashi, ta dawo ta tsaya a ƙofa tana kuka har sai Gaba ya ɗauki sanda sun fita. Haka muka sake ganin fuskarsa a hanya. Har cacar katinsa ya koma.

Wata safiya ta je wurin mahauci ba ta dawo ba. Gaba ya zaga unguwa yana fito da baki har muryarsa ta dishe. Bayan 'yan kwanaki labulen ya sake sauka. Matata ta kai masa masara da wake, ta koma ɗaukar kwano ta same shi yadda ta ajiye.

'Yarsa Zoleka, da ke aiki a Cape Town, ita ta ga wani hoto a waya ta turo wa MamCirha. Bayeke ce, da ɗan farin nan na ƙirjinta. Wata ƙungiya mai sunan Turanci mai daɗi ta rubuta a ƙasa cewa ta ceto ta daga titin unguwarmu, ba mai ita, ba suna, tana gab da mutuwa. Suna neman mai tausayi ya biya kuɗin ɗauka, kuɗin da zai kai albashin mai gadi.

MamCirha ta tsallako gidana. Ta ce, "Jola, a-kori-kurar nan taka tana tashi kuwa, ko an bar wa kaji?"

Ba ta yanke hukunci nan take ba. Ta ce mutanen kirki ma sukan yi wannan kuskuren: su shigo daga unguwannin bakin teku, su ga kare ba abin wuya, su ɗauka ba na kowa ba ne. Don haka ta buga wayar a gabana kamar mai son ɗauka. Ta tambaya ko za ta iya zuwa ta ga inda karnukan ke kwana. Matar da ta ɗauki wayar ta ce a'a, baƙi na firgita su. Ta tambaya yaushe za su zo ganin gidanta. Matar ta yi dariya, ta ce daga murya ma an san ita mutuniyar kirki ce. Sannan ta ce a turo rabin kuɗi yanzu, don masu so suna da yawa, a haɗu ranar Asabar a wani gidan mai da ke bakin babbar hanya. MamCirha ta ce ita tsohuwa ce, a hannu za ta kawo. Da ta kashe, ta sake buga wata lambar. Ban tambaye ta ko wa ta kira ba.

Ranar Asabar muka ɗauki Gaba. Ya yi aski, ya sa rigar coci. Ta gaya masa in ya fito daga mota kafin ta kira shi, da ƙafa zai koma gida.

Matar tana can, sanye da riga mai hoton tafin kare, bayan motarta a buɗe da keji biyu cike da 'yan kwikwiyo. Tana riƙe da Bayeke a igiya. Akwai kuma wata yarinya Baturiya cikin kayan jinya, Marelize, da sabon bargo a hannu. Ashe ita ma wannan karyar aka yi wa alkawari, kuma ta riga ta tura rabi.

Na ajiye motata daidai bayan ta matar.

MamCirha ta gaishe su a natse, ta tambaya kuɗin na mene ne. Matar ta ce na aikin hana haihuwa ne da suka yi wa karyar makon jiya. MamCirha ta durƙusa a hankali, don gwiwarta ba ta son gaggawa. Bayeke ta riga ta kwanta ta baje ciki tana kaɗa wutsiya. Gashi ya daɗe da rufe tabon. Koren layin na nan.

Ba matar ta kalla ba. Marelize ta kalla.

"'Yata, ke ce ta asibiti. Ɗinkin mako guda haka yake?"

Yarinyar ta sunkuya ta taɓa, ta miƙe fuskarta ta yi ja.

Gaba bai fito ba, ya cika alkawari. Fito kawai ya yi da baki. Igiyar ta suɓuce daga hannun matar, sai dai muka ga jajayen ƙafafu sun shige ta tagar mota.

Matar ta ɗaga murya, ta ce a titi ta same ta, ba ko abin wuya. MamCirha ta ce wannan gaskiya ne, ta faɗe shi yadda za a ji har cikin mota. Sannan ta tambaya ina uwar 'yan kwikwiyon nan. Matar ta rufe bayan mota, ta ce in janye tawa.

Na gwada. Kowa ya san motata ba ta son tashi sau biyu a safiya ɗaya. Ina cikin buɗe gabanta ina duba abin da ban sani ba, sai ga motar masu duba lafiyar dabbobi ta shigo. Daga nan maganar ta zama tasu. 'Yan kwikwiyon dai a bayan gidan MamCirha suka ƙare.

Marelize ta zo layinmu bayan haka, ta zauna a kan akwatin lemo da bargonta a cinya. Ta jima sosai. Wani tsohon kare mai kunne ɗaya ne ya zo, ba irin wanda ta zo nema ba. Ni na kai MamCirha shan shayi a gidanta, kuma motar ta tashi lafiya zuwa da dawowa.

Gaba kuwa ya ɗaga labulensa. Da safe za ka gan su sun nufi wurin mahauci tare, don yanzu ba ya barin ta ta je ita kaɗai. A wuyanta akwai baƙar fata mai kyau, an huda mata sababbin ramuka, an rubuta lamba da fenti. Ranar Lahadi na lura da igiyar shanya yake ɗaure wandon coci, ba da bel ɗinsa ba. MamCirha ma ta gani. Ta gaishe shi, ta tambaye shi ya gwiwa.