Mujiyar Bakin Gonarmu

Ranar wata kasuwar Kura, a ranin shekarar da na shiga aji huɗu, na kai wa Baba fura gona na tarar da shi tsaye ya jingina da wani busasshen marke, ƙaninsa Baffa Sule kuma yana gabansa da gatari a kafaɗa. Jaririn Baffa, Habu, ya kwana biyu yana zazzaɓi, matan gida suka ce kukan mujiyar da ke kogon marken ne. Baffa ya rantse sai itacen ya kwanta a ranar, daga nan a bi sauran kurmin a mai da shi shinkafa, tunda shi ma yana da gado a ciki.

Kurmin nan ɗan tsurut ne a ƙarshen gonarmu, inda ruwan kanal ɗin ban-ruwa ke tsiyaya. Akwai kanya da magarya da aduwa, sabara ta cika ƙasa. Baba yana kiransa rabon baƙi, wato tsuntsaye da namun daji, kuma dokokinsa sun ishe mu, wallahi. Itace sai wanda ya faɗo da kansa. Kafin a fara ƙone ƙaiƙayi sai mun share gefensa tas don kada wuta ta shiga. Ƙayar da aka sassabe a tara ta wuri guda, zomo da bushiya su samu ɗaki. Da damina kuwa, yaron da ya taɓa ƙwan fakara jikinsa ya gaya masa. Game da mujiya abu ɗaya yake faɗa: "Mai gadina ce, ɓera ne albashinta."

Baba bai yi musu da Baffa kan maita ba. Cewa ya yi a kai yaro asibiti, sannan ya ba Baffa fangalin shinkafarsa biyu mafi kyau na bakin kanal, shi kuma ya bar masa kurmin. Inna ta yi sati tana mita, wai an sayar da shinkafa an sayo tsuntsuwar mayu. Ni ma na ji haushi, don buhunanmu sun ragu, ɗinkin sallar shekarar ma yadi mai araha muka samu. Habu ya warke, mujiya ta ci gaba da kukanta, kuma ban taɓa ganin Baba ya sayi maganin ɓera ba.

Bayan rasuwarsa aka raba gona, tarakta ta share kurmin kafin azahar. Yanzu daga Kura har Bunkure shinkafa ce iya ganinka, ba inuwar da za ka ajiye ƙwarya. Bara na je na samu Habu, da furfurarsa, yana zuba magani a ramukan da ɓeraye suka huda a kunyar ruwa. Ya ɗago ya ce, "Yaya, ko mujiya ɗaya babu a garin nan."

Na dubi inda marken yake. Kewar Baba ta kama ni.