Koren tob ɗin da na yanka

Lokacin sanyi ne, shekarar da mutanen birnin Madani suka gudo wa yaƙi suka cika ƙauyenmu. An girbe dawa amma ba wanda ya yi murnarta, kowane gida akwai baƙi, makarantar 'yan mata kuma an kwashe benci an shimfiɗa tabarmi. Iskar kogi tana shiga ajujuwan nan ta tagogi marasa murfi. A cikin wannan sanyi akwai wata Talata da har yau ba ta bar raina ba, kuma ku da kuka shigo ƙungiyarmu bana ya kamata ku ji ta daga bakina.

Mu bakwai ne a lokacin, muna ɗinka barguna na ƙyallaye a rumfar gidan Hajja Rakiya, ita ce ra'isa, wato shugabarmu. Keken ɗinki biyu gare mu, na ƙafa. Ƙyallayen muna samunsu wajen telolin kasuwar Abu Hujar, sauran kuma daga gidaje. Aikin bi da bi yake. A ware mai kauri daban, mai santsi daban. A wanke duka, don sabon yadi yana tsukewa, in an haɗa shi da tsoho ba a wanke ba bargon zai murɗe. A goge da dutsen gawayi. Sannan a kawo wa mai yanka, ta ɗora kwali mai faɗin tafin hannu ta fitar da ƙyalle murabba'i. Masu keke su haɗa, a sa tsofaffin kaya a ciki, a yi shafi da damuriyya, farin yadin auduga, a bi da ɗinkin hannu layi-layi. Ni ce mai yanka. Shekara shida almakashin yana hannuna, don Hajja ta ce ba ni da gaggawa.

Akwai al'adar da muka taso da ita. Duk wadda za ta ba da tsofaffin kaya sadaka, ba ta miƙawa hannu da hannu. Takan ƙulle su ta ajiye a kan angarib ɗin da ke bakin ƙofar Hajja, gadon igiya ne tsoho, ta wuce ba tare da ta faɗi sunanta ba. Mu ma ba ma tambaya. Kowa a ƙauyen ya san abin da aka ɗora a gadon nan na almakashi ne.

Wata safiya na tarar da ƙulli a kai. Tob ne, dogon lulluɓin nan na mata, kore mai ɗigon fari, ya sha wanki har ya yi laushi, ga wata doguwar yagewa a gefe ɗaya. Na ji daɗinsa, don tob yana da tsawo, ƙyallensa zai yi yawa. Na wanke, na goge, na yanka. Ya shiga barguna uku. Ɗaya muka gama muka kai makaranta, biyu suna kan keke.

Bayan kwana takwas, ranar Talatar nan, wata matashiya ta yi sallama. Nafisa sunanta, cikin baƙin da ke makaranta take. Iyayenta Hausawa ne amma a birni ta tashi, Larabcinta ya fi Hausarta. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta ba da haƙurin daɗewa, ta ce ɗanta ne ya yi zazzaɓi. Sai ta dube ni, ta kira ni inna da Larabci, ta ce, “Halti, tob ɗina ya gyaru?”

Na tambaye ta wane tob. Ta ce kore ne, ƙarfen mota ya yage shi a hanya. Ranar da ta kawo ba ta sami kowa ba, ta ga gado a bakin ƙofar masu ɗinki, ta ɗauka nan ake ajiye kayan gyara. Na mahaifiyarta ne, Allah ya jiƙanta. Shi kaɗai ta ɗauko daga akwatin marigayiyar ranar da suka fito.

Keken da ke bayana ya tsaya. Koren yana nan a ƙarƙashin allura, a tsakanin ja da ruwan ƙasa, idonta ne kawai bai kai ba tukuna. Zan iya cewa ta dawo gobe mu duba, kuma na ga wata daga cikinmu tana yi mini alama da ido in faɗi haka. Ban yi ba. Na kama hannunta na kai ta gaban keken, na ce, “Ɗiyata, ga shi nan. Ni na yanka shi, da hannuna. Na ɗauka sadaka ce.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a ƙasa kusa da keken ta daɗe tana kallo. Hajja Rakiya ta shiga ɗaka ta fito da sabon tob nata da ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta ce ta karɓa, laifin gidanta ne. Nafisa ta yi godiya, ta ce ba rashin sutura ya kawo ta ba. Sannan ta tambaya ko duka ke nan. Na ce akwai saura a bargon da muka kai makaranta, in tana so yanzu mu je in karɓo, in warware, in mayar mata da kowane guntu.

Muka tafi tare bayan la'asar. Bargon yana aji na ƙarshe, a jikin wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da ba ta iya tashi, ta lulluɓa har wuya. Nafisa ta durƙusa ta gaishe ta, tana bin korayen ƙyallen da yatsa. Ta tsaya a kan ɗaya. Akwai ɗan faci a jikinsa, da baƙin zare, ɗinkin ƙanana a jere. Ta ce mahaifiyarta ce ta yi, ranar ba ta da koren zare. Ni da na yanka wurin ban ma lura da shi ba.

Tsohuwar ba ta san abin da ake ciki ba. Ta ce tun da aka kawo mata bargon nan take samun barci, Allah ya saka wa mai kayan. Nafisa ta ce amin. Ta gyara mata shi a ƙafa, muka fito.

A bakin ƙofa ta ce, “Wannan a bar shi, Halti. Na sauran biyun nake so, ko da ba zai ɗauru ba.”

Abin da na koya ke nan a aikinmu. Mu masu haɗa ƙyalle idonmu ya saba da ganin kowane tsohon yadi a matsayin guntaye, tun kafin mu ɗauki almakashi mun riga mun raba shi a zuci. Al'adar gadon nan kuma mai kyau ce, amma tamu ce, baƙo bai san ta ba. Shi ya sa yanzu kuke ganin ƙulli yana kwana goma a rataye kafin a kwance shi, kuma nake sa ku ku duba faci kafin ku ɗora kwali.

Washegari, bayan na sallami yaran gidana, na tafi rumfar da reza da ɗan kwano. Na warware korayen daga barguna biyun, ɗinki ɗaya bayan ɗaya don kada bakin ya zare, na goge su, na jera su a tabarma ɗigo yana bin ɗigo. Sun isa mayafin kafaɗa. Kafin in zauna a keke, na nemi kwali na rubuta da rubutuna na ajin manya cewa wannan gadon na sadaka ne, mai kawo gyara ta yi sallama ta shigo. Na ɗaure shi a ƙafar angarib ɗin, sannan na aika a tambayi Nafisa da wane zare take so in haɗa. Ta ce da baƙi.