Yayin Da Ba a Ɗinka Ba

Yayata ta girme ni da shekara shida, amma ni ake bar wa ita idan za a fita. Tana da jinkirin fahimta. Haka na koyi kiran abin a makaranta. A gidanmu na haya a unguwar Maamobi kuwa, wasu su ce doluwa, masu tausayi su ce baiwar Allah, kuma duk a gabanta suke faɗa.

Mma, mahaifiyarmu, tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi, Yaya ce mai tsince su. Takan zauna da faifai a cinya, tana ware tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin wanda ya tauna dutse a abincinmu ba.

Da bikin 'yar goggonmu ya matso a unguwar Nima, aka fitar da yayi, atamfa shuɗiya da duk matan dangi za su ɗinka. Mma ta karɓo na mutum uku. Biyu suka tafi wurin tela, ɗaya ya shiga akwati.

Goggo da kanta ta kawo buhun shinkafar biki a tsince mata. Yaya ta ɗago kai.

"Goggo, yaushe tela zai auna ni?"

Goggo ta yi dariya, ta dubi Mma. "Ji min ita. Ke da wa za ki je? Dangin ango fa manyan mutane ne. Kar ta je ta kama hannun baƙi tana tambayar sunansu."

"Tana jin ki, Goggo," na ce.

"Ke 'yar boko, ita me ta sani? Gobe ta manta."

Na tanadi maganganu masu kyau da yawa a raina. Mma ta kalle ni, na haɗiye su.

Yaya ba ta manta ba. Kwana huɗu tana tsintar shinkafa, kullum sai ta tambaya.

Ranar biki da la'asar Mma ta shirya, ta ce in zauna da Yaya, in ta dawo sai ni ma in leƙa. Tana fita na buɗe akwati. Na ɗaura wa Yaya atamfar yadda take, ba ɗinki, na yafa mata mayafina, na sa mata kwalli. Ta daɗe a gaban madubi.

"Zo mu je," na ce. "Ko gaisuwa ce mu yi mu dawo."

Muka bi lungu, kafaɗunmu na gogar bango. A bakin lungun akwai katako da aka gitta kan kwata. Na haye, na miƙo mata hannu. Ta tsaya.

"Mma ta ce iyakata nan."

"Yau da ni kike, Yaya."

Ta girgiza kai. Na lallashe ta, na ja hannunta a hankali, ƙafarta ba ta motsa ba. Motocin trotro na wucewa zuwa Nima, yaran mota na kiran fasinja.

"Ke ki je," ta ce. "Ki gaya musu ni na tsince."

Na sake hayowa katakon, na tsaya kusa da ita.